TARIHIN FITILAR "CHECK ENGINE" DA YADDA AKE KARANTA TA A MOTAR DA AKA CANZA WA INJI



Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa mota. Ba mu yi nisa da gida ba, domin motar yanzu kwamfuta ce a cikinta, kuma da wayar da ke hannunka za ka iya tambayar ta abin da ke damun ta.

Ga matsalar da ta jawo wannan rubutu. Mutum ya canza wa motarsa inji, bayan kwana biyu fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. An kawo sikana an jona, ko dai ta ƙi magana da motar kwata-kwata, ko ta zubo lambobi bakwai a lokaci ɗaya. Daga nan sai a fara canje-canje: yau sensa, gobe kwayil, jibi fulogi. Kuɗi na tafiya, fitila na nan daram. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya san daga ina fitilar nan ta fito, da yadda harshenta ya riƙa canzawa, zai gane dalilin wannan rikici cikin sauƙi.

ASALINTA HAYAƘI NE

A shekarar 1943 wani hazo mai yaji ya lulluɓe birnin Los Angeles da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Idanun mutane na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, har wasu suka zaci Japan ce ta kawo harin guba. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, da ke koyarwa a Caltech, ya nuna cewa hayaƙin motoci da na masana'antu ne ke haɗuwa da hasken rana ya zama wannan hazo.

A 1967 gwamnan jihar na lokacin, Ronald Reagan, ya sa hannu aka kafa hukumar kula da iska ta Kalifoniya, wadda ake kira CARB. A 1970 gwamnatin tarayyar Amurka ta ƙarfafa dokar tsaftar iska, ta kuma kafa hukumar kare muhalli, EPA. Kamfanonin mota suka shiga tsaka mai wuya: ko su rage gubar da ke fita ta salansa, ko su daina sayar da mota a can.

Daga motocin 1975 aka fara saka matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikanmu ke kira "indomi" saboda cikinta mai ƙananan huji. A ciki akwai ƙarafa masu tsada irin su falatinam, shi ya sa ake yanke ta a sayar. Irin matatar da ta zo daga baya, mai kashe guba iri uku, ba ta aiki sosai sai in iska da fetur sun daidaita, kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur ta wajen nauyi. Kafireto shi kaɗai ba zai iya riƙe wannan ma'auni kowane lokaci ba. Sai kamfanin Bosch na Jamus ya samar da sensar oksijin, Volvo ta fara saka ta a motocinta a 1976. Sensa na shinshinar hayaƙi, tana faɗa wa kwamfuta "mai ya yi yawa" ko "mai ya yi kaɗan", kwamfuta na gyarawa.

Dama tun wajajen 1968 Volkswagen ta riga ta fitar da mota mai injekta da na'urar lantarki ke sarrafawa. Amma dokar hayaƙi ce ta sa kowa ya bi wannan hanya. Wannan kwamfutar ita ce muke kira birenbos.

To in sensa ta mutu fa? Mota za ta ci gaba da tafiya, tana shan mai, tana zubar da guba, direba bai sani ba. Dole a sami abin da zai sanar da shi. Nan aka haifi fitilar. Ka riƙe wannan: don hayaƙi aka yi ta tun asali. Shi ya sa a wasu motocin murfin tanki da bai rufu da kyau ba ma yana iya kunna ta.

ZAMANIN ƘIFTAWA

A farkon shekarun 1980 General Motors ta saka wa motocinta wani soket da ta kira ALDL. An yi shi ne don ma'aikata su gwada mota kafin ta bar masana'anta, amma makanikai suka amfana. Za ka haɗa ramin A da ramin B da guntuwar waya, ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, sai fitila ta fara ƙiftawa. Ƙifta ɗaya, a ɗan tsaya, ƙifta biyu: lamba 12 ke nan, ma'ana tsarin na aiki. Bayan ta maimaita sau uku sai sauran lambobi su biyo.

Daga motocin 1988 Kalifoniya ta wajabta cewa kowace sabuwar mota ta riƙa duba kanta tana ajiye lambar matsala. Wannan shi ne daga baya aka sa wa suna OBD1. Sai dai dokar ba ta ce ga irin soket ba, ba ta ce ga irin lamba ba. Kowane kamfani ya yi gaban kansa.

Toyota ta ajiye ƙaramin akwati a cikin bonet an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Ana haɗa TE1 da E1. Lambobinta biyu-biyu ne: 21 sensar oksijin, 22 sensar zafin ruwa, 41 sensar totur, 42 sensar gudu, 52 sensar da ke jin ƙwanƙwasar inji. In fitila na ƙiftawa a jere babu tsayawa, babu matsalar da aka ajiye.

Honda ta ƙarshen shekarun 1980 fitilar a jikin birenbos ɗin take, sai ka ɗaga kafet ta ɓangaren fasinja. Daga farkon shekarun 1990 ta koma ƙaramin soket mai rami biyu a ƙarƙashin dashbod. Doguwar ƙifta goma ce, gajeriya ɗaya. Lamba 1 sensar oksijin, 6 zafin ruwa, 7 totur, 17 sensar gudu, 21 bawul ɗin VTEC.

Nissan ta lokacin da fitila ja da koriya a jikin birenbos take magana, kuma 55 a wajenta lafiya lau ke nan. Chrysler kuwa makulli za ka kunna ka kashe, a karo na uku ka bar shi a kunne.

Ka lura da 21. A Toyota sensar oksijin ce, a Honda VTEC. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. Masu gyaran waya za su tuna zamanin da kowace waya da irin bakin cajarta, Nokia daban, Samsung daban, Sony Ericsson daban. Haka gareji yake a lokacin.

1996: SOKET ƊAYA, HARSHE BIYAR

Kalifoniya ta ga wannan ruɗani ba zai yi ba, ta fito da OBD2, gwamnatin tarayya ta bi sahu. Daga motocin 1996, duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da soket mai rami 16 kusa da direba, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, kuma lambobi su zama iri ɗaya.

Lambar OBD2 harafi ɗaya ne da alƙaluma huɗu. P na inji da giya, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. In alƙalami na farko 0 ne, ma'anarta ɗaya a kowace mota: P0301 tukunya ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 indomi ba ta aiki yadda ya kamata. In 1 ne, kamar P1 da sauransu, to lambar kamfani ce, sai ka duba littafin wannan kamfanin.

Amma a bayan soket ɗin harshe bai zama ɗaya ba. Ford na da nata, General Motors na da nata, duka ta rami na 2, Ford ta ƙara da na 10. Yawancin motocin Japan da Turai ta rami na 7 suke magana, da harsuna biyu masu kama da juna. Na biyar shi ne CAN, wanda Bosch ta gabatar a 1986, yana bi ta rami na 6 da na 14. Sai daga motocin 2008 Amurka ta ce kowa ya koma CAN.

Turai ta makara. Nata tsarin, EOBD, ya zama dole ga motocin fetur a 2001, na gas kuma a 2004. Japan ma da nata tsarin da nata lokacin. Wannan na da muhimmanci a gare mu. Golf 3 ta Turai, wadda ta cika tashoshinmu, da yawa suna da soket mai rami 16, amma harshen Volkswagen suke yi, ƙaramar sikana ta gama-gari ba lallai ta ji su ba. Ganin soket ba shi ne OBD2 ba.

YADDA ABIN YA ISO MU

Iyayenmu da Fijo 504 suka saba, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Kafireto ce, bakanike da kunne da sukundireba yake saita ta. Bayan an karya darajar naira a 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai aka koma 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Motoci suka riƙa shigowa daga Amurka da Kanada da Turai, injina kuma daga ko'ina, har da Japan da Dubai.

Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za ka tarar da zamunna uku a jibge wuri ɗaya: injin OBD1, injin OBD2 na farko, da injin CAN. A Kalifoniya ƙa'ida ita ce injin da za ka saka ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, tare da duk kayan hayaƙinsa. Mu nan wanda ya shiga ramin kuma aljihu ya ɗauka, shi ake ɗaurawa. Don haka sai ka ga jiki na 1999 ɗan Amurka, inji ɗan Japan, birenbos kuma na wata motar ta uku.

ƘA'IDA GUDA ƊAYA

Birenbos ne ke kunna fitila, shi ne ke ajiye lamba. Jikin mota ba ya magana, ƙarfen inji ma ba ya magana. Saboda haka tambayar farko ita ce: wane birenbos ne a cikin motar nan yanzu? Ka duba takardar da ke manne a jikinsa, ka ɗauki hoton lambar da wayarka, ka bincika ta a intanet. Za ka ga na wace mota ne, wace shekara, na otomatik ne ko na manuwal. Daga nan canjin inji ya kasu uku.

Na ɗaya: an canza inji, an bar tsohon birenbos da wayarin ɗin motar.
Sikana za ta karanta kamar kullum. Matsalar ita ce birenbos na jiran sensocin tsohon inji. In sabon injin na wata kasuwa ne, wataƙila babu bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, sai ka ga lambobi irin P0401. Akwai kuma faranti mai haƙora da sensar kiransha ke ƙirgawa. Injinan Toyota da yawa na da gurbi 36 an cire biyu, na Volkswagen da yawa 60 an cire biyu, kuma ko a kamfani ɗaya yakan bambanta daga zamani zuwa zamani. In bai dace da abin da birenbos ya sani ba, sai P0335 ko P0336, ko mota ta ƙi tashi. Shi ya sa gogaggen bakanike ke kwashe sensoci da manifol na tsohon inji ya mayar kan sabo. Kada ka bari a tafi da tsohon injinka kafin aiki ya kammala.

Na biyu: inji ya zo da birenbos ɗinsa, kuma ya girmi jikin motar.
Misali an saka birenbos na Honda OBD1 a jikin 1997. Soket mai rami 16 na nan, sikana za ta kawo wuta, amma za ta yi ta nema ba amsa, domin wanda ke ciki bai iya wannan harshen ba. Sikanar ba ta lalace ba. Sai ka koma hanyar ƙiftawa ta zamanin birenbos ɗin, kuma ka fassara da jadawalinsa. In mai wayarin bai ja wayar gwajin zuwa inda hannu zai kai ba, sai an nemo ta a bakin birenbos da zanen wayarin.

Na uku: inji da birenbos sun fi jikin sabunta.
Nan aiki na hannun mai wayarin. Dole a ja wayar sadarwa daga sabon birenbos zuwa soket: rami na 7, ko 6 da 14 in CAN ne. Rami na 16 wutar batir, 4 da 5 na at. Da yawa ana barin wannan saboda "ai mota ta tashi". Haka ita ma wayar fitilar cek ɗin sai an haɗa ta da dashbod. Sannan sabon birenbos zai nemi abokan aikinsa da aka baro a waccan motar. Na otomatik da aka saka a manuwal zai yi ta kukan giya da lambobin P07. Wanda bai sami kwamfutar giya ba zai kawo U0101. Wanda bai samun labarin gudu zai kawo P0500. In kuma akwai imobilaiza, sai makullinsa ya zo tare ko a yi masa saiti.

Mu masu waya mun san irin wannan. Ka canza wa sabuwar iPhone batir ko sikirin, aiki lafiya lau, amma ta rubuta maka cewa ba ta gane kayan ba. Uwar allo na neman abin da ta saba da shi ne.

YADDA ZA KA KARANTA DA WAYARKA

A tsakiyar shekarun 2000 wani ƙaramin kamfani a Kanada, Elm Electronics, ya fitar da guntun ELM327 mai fassara harsunan OBD2 zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Aka kwafe shi, kasuwa ta cika da na kwaikwayo. Shi ne ɗan shuɗin abin nan da ake sayarwa. Masu arha sosai wasunsu ba sa jin tsofaffin harsunan, don haka in ɗaya ta ƙi, gwada wata kafin ka yanke hukunci.

1. Murɗa makulli zuwa ON, kada ka tada inji. Dole fitilar cek ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba, ko ƙwan ya mutu, ko an cire shi, ko ba a haɗa wayar ba.

2. Jona na'urar a soket. In ba ta kawo wuta ba, duba fiyus. A wasu motocin fiyus ɗaya suke da wurin kunna sigari inda muke cajin waya.

3. Haɗa ta da waya ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi na'ura mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iPhone.

4. In ta ƙi haɗuwa, shiga saitin manhajar ka zaɓi harshe da hannu, ɗaya bayan ɗaya. In duka sun ƙi, koma kan lambar birenbos.

5. Kafin ka goge komai, ɗauki hoton allon. Tare da lambar akwai bayanin halin da inji ke ciki lokacin da matsalar ta faru: zafi, gudu, juyin inji. Gogewa na tafiya da shi.

6. Raba lambobin gida biyu: na abin da babu shi a motar tun ranar canji, da na abin da yake nan amma ya samu matsala. Na biyun su ne na gaggawa.

7. Lamba hanya take nunawa. P0135 na nufin akwai matsala a layin da ke ɗumama sensar oksijin. Tana iya zama sensar, tana iya zama fiyus ko waya da ta tsinke. A motar da aka yi wa sabon wayarin, fara da waya da soket da at kafin ka sayi kaya.

Gargaɗi: rami na 16 na ɗauke da wuta ko mota a kashe take. Kada ka cusa waya a soket da ka. A Toyota da yawa masu rami 16 ana haɗa 13 da 4 don ƙiftawa, amma a wata motar waɗannan ramukan wani aikin suke yi. Kuskure ɗaya na iya ƙona birenbos. Sannan ka cire na'urar in ka gama, tana jan batir a hankali.

ME YA SA BA ZA A ƘYALE TA BA?

Wani zai ce tunda mota na tafiya, a bar ta ta yi ta ci. Matsalar ita ce fitilar ɗaya ce tak. In tana kunne kullum saboda indomin da aka yanke, ranar da sensar zafin ruwa ta mutu ba za ka ga wani canji ba. Mai irin wannan mota ya riƙa jona sikana lokaci-lokaci, ya san lambobinsa na kullum, don ya gane baƙuwa in ta shigo. In kuwa fitilar na ƙiftawa da kanta kana cikin tafiya a motar OBD2, inji na tsallake wuta sosai ke nan, ɗanyen mai na shiga salansa. Rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

Masu shirin sayen mota, ku ma tarihin nan ya bar muku makami. OBD2 na da gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta a kan hanya. In an goge lambobi ko an cire kan batir, manhaja za ta nuna gwajin bai kammala ba har sai an yi tafiya mai ɗan yawa. Ka ga haka a motar da ake cewa kullum ana hawa, to ka yi tambaya. Manhajar kuma na nuna ko birenbos ya ba da umarnin kunna fitila. In ya ce a kunne take amma dashbod duhu, an taɓa ƙwan. Yawancin motocin Amurka daga wajajen 2005 na bayar da lambar shasi ta sikana, sai ka gwada ta da wadda ke jikin gilashin gaba. In sun bambanta, an canza birenbos. Daga wajajen 2010 ma akwai lambobin da sikana ba ta iya gogewa, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara.

Wanda kuma zai canza inji nan gaba, ya yi waɗannan sharuɗɗa da bakanike da mai wayarin tun kafin a kwance ƙusa ɗaya: a gaya masa wane birenbos za a yi amfani da shi, fitilar cek ta kama in an murɗa makulli ta kuma mutu in inji ya tashi, sikana ta yi magana da motar a gabansa kafin ya cika kuɗin aiki. Ya rubuta lambar inji da ta birenbos a takarda ya ajiye tare da takardun mota, domin bakaniken da zai duba ta a wani gari bai san abin da aka yi ba.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi sunan motar, shekararta, injin da aka saka, da lambar da ke jikin birenbos. Ku tura wa direbobi da makanikan da kuka sani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.